Saifa Biyu a Kati Ɗaya

Katin farko da na rubuta a wannan sana'a bai kai azahar ba. Malam Ladan ya karɓa, ya karanta, ya yaga shi biyu a gabana, ya miƙo mini sabo. Kalmar hatsi ce kawai. Na rubuta ta da manyan baƙi a sama, na sa Turancinta a ƙasa, na ja layi. Na yi shekara huɗu ina koyar da Hausa a firamare kafin a ɗauke ni ofishin nan na Boɗinga, ga shi an yaga mini aiki a kan kalmar da kowa ya sani.

Ku da aka kawo bana nake wa wannan bayani, don na ji hirarku a gindin dogonyaro. Kun ce aikin rumbun kalmomi zaman inuwa ne, Hausa a hagu, Turanci a dama, a danna ajiye. Ɗayanku ma ya ce wayarsa za ta gama aikina na shekara a wuni ɗaya. Yanzu ku saurara.

Ofishin nan tsakanin mutane iri biyu yake tsaye. Ga masana da suke rubutu da Turanci, ga manoma da makiyaya da suke aiki da Hausa. Duk takardar da za a raba, duk sanarwar da za a karanta a rediyo, duk saƙon da zai shiga waya, sai ya bi ta rumbun kalmomi, wato ma'ajiyar da aka tsayar da cewa wannan kalma ita ce sunan wannan abu. In rumbun ya yi daidai, babu mai tunawa da mu. In ya kuskure, kuskuren yakan tafi gari-gari da hatimin ofis a jikinsa.

Malam Ladan tsohon malamin gona ne, mutumin Dingyaɗi, an dawo da shi bayan ya yi ritaya don ya tsara wannan aiki. Ranar da ya yaga katina bai yi mini bayani ba. Da muka yi sallar la'asar ya ce in hau bayan babur ɗinsa. Ya kai ni gidan wani manomi a garinsu mai suna Mamman, ya ce ya buɗe mana rumbunsa na dawa. Mamman ya tura hannu ya ɗebo. Gari ne ya zubo ta tsakanin yatsunsa, ƙwari suna yawo a ciki. Rumbu guda cur, noman shekara. A gefe ga rumbun gero, lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu. An raba musu maganin ƙwari da takarda da aka bugo daga gabas, an rubuta cewa maganin adana hatsi ne. Wanda ya rubuta yana nufin duk abin da ake zubawa a rumbu. Malam Ladan ya tambayi Mamman me ya hana shi sa wa dawar.

Mamman ya ce, "Takarda hatsi tac ce, Malam. Dawa ai ba hatsi ba ta."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ni ma haka nake faɗa a gidanmu. A bakin uwata hatsi gero ne, ba wani abu ba. Amma da na zauna gaban kati, sai na rubuta ma'anar littafin makaranta, na manta da ta gida. A hanyar dawowa Malam Ladan ya faɗa mini dokar da aikin nan gaba ɗaya ya tsaya a kanta. Ba kalma ake yi wa kati ba, ma'ana ake yi wa. Kalma ɗaya mai ma'ana biyu, kati biyu ne. Abu ɗaya mai suna uku, kati ɗaya ne da sunaye uku a ciki.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, wanda muke ɗorawa a kan bulo huɗu saboda gara. Katuna da muke yankawa da almakashi daga tsofaffin fayil. Robar ɗauri, biro baƙi, biro ja, da rakoda mai kaset wadda take cin batir kamar me. Kowane kati gurbi bakwai ne. Kalma, sai ma'anarta da Hausa mai sauƙi, sai fanninta, ko gona ko kiwo ko fawa ko awo. Sai wanda ya faɗe ta da garinsu, sai jimla guda daga bakinsa yadda ya furta. Turanci a na shida yake zuwa, kuma Malam ba ya yarda a cike shi sai sauran sun cika. Na bakwai shi ne gurbin hattara, da jan biro kaɗai ake rubuta shi. Na yi wata takwas kafin ya bar ni in taɓa jan biron nan.

Aikin tiya shi ne na farko da ya tura ni ni kaɗai. Wani masani ya rubuta yawan takin zamani da za a zuba wa albasa da kilo, mai fassara ya zo yana so a ba shi kalma ɗaya da manomi zai gane. Na ce tiya mana, kwanon awo na kasuwa. Malam ya miƙo mini sikeli ya ce in je kasuwa. Na auna tiyar Boɗinga, na hau mota na je Shagari na auna tasu, na auna ta wata mata mai sayar da gero a ƙofar gida. Uku duka babu wadda ta zo daidai da 'yar uwarta, kuma kowa ya rantse tasa ce ta gaskiya. Da an buga takardar nan yadda na faɗa, da wasu sun ƙone albasarsu da taki, wasu kuma sun bar ta da yunwa. A ƙarshe gwangwanin madara muka sa, shi ne bai canza daga gari zuwa gari ba. Kwana shida ke nan a kan kati ɗaya.

Masu zuwa wurinmu kuwa kowa da halinsa. Mai fassara kullum sauri yake, ma'ana ba ta dame shi ba, a ba shi kalma ya tafi. Mai shirin rediyo yana son wadda ta fi daɗi a kunne. Shi ne ya yi mako uku yana gargaɗi a kan wuta-wuta, alhali mutanen Lambara ƙuduji suka san ciyawar nan mai kashe gero, har wani dattijo ya aiko a tambaya ko gobarar daji ake nufi. Masana su kuma suna ƙirƙiro dogayen kalmomi a ofisoshinsu su aiko a shigar, kalmomin da ba a taɓa jin su a bakin mai fartanya ba. Malam yakan karɓa da ladabi, ya rubuta a kati, ya sa a can bayan akwati inda yake kira maƙabarta.

Sunayen cututtukan dabbobi a rugar Ardo Manu muka samo mafi yawansu, tsakanin Lambara da Horo Birni. Ardo dattijo ne mara yawan magana, shi ke shugabantar gidaje kusan goma na danginsa. Zuwanmu na farko madara kawai muka sha muka dawo. Na biyu aka yi hirar ruwan sama. Sai a na uku ya yarda aka kunna rakoda. Ya zauna a kan tabarma yana lissafawa, boru mai sa dabba ɗingishi da dalala, sammore mai ramar da ita, kirci na fata, huhu, hanta, harbin daji. Kowace ya faɗi yadda take farawa da yadda take ƙarewa. Da ya gama Malam ya tambaye shi ko akwai saura. Ardo ya dubi garkensa, ya miƙe, ya ja mu can bayan wata bishiyar ƙirya, nesa da shanun. A nan ya rage murya ya ce akwai saifa, shi saihwa yake cewa irin na mutanenmu. Ya ce ita ba ta jinya. Saniya tana kiwo da safe, da rana ta faɗi. Baƙin jini yakan fito ta hanci da ta baya, kuma ba ya daskarewa. Ya ce ba a feɗe ta, ba a cin ta, ko fatar ba a ɗauka, kuma wurin da ta faɗi shekaru ba a kai shanu. Ya ce yana yaro ya ga ta shiga mutane.

Muna da katin saifa tun kafin wannan rana, wanda muka samo a wurin mahauta, wato saifar da ke cikin dabba kusa da tumbi, wadda ake gasawa a ci. Malam ya yanki sabon kati ya rubuta saifa ta biyu, fannin kiwo, daga bakin Ardo Manu. Ya cika gurbin hattara har ya juya baya, sannan ya zagaye katin gaba ɗaya da jan biro. A duk akwatin nan katuna biyar ne kaɗai ya yi wa haka.

Idon Malam ya yi rauni daga baya, ya koma gida, bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Akwati ya dawo hannuna daidai lokacin da aka kawo kwamfuta. Ni na zauna na shigar da katunan nan ɗaya bayan ɗaya, da janareta in an samu mai, daga baya da sola. Na ba kowace ma'ana lambarta, ta yadda ko kalma ta maimaitu lamba ba za ta maimaitu ba. Na ƙara gurbin furuci, don wanda ya rubuta saihwa da wanda ya rubuta saifa su faɗa wuri ɗaya. Na ƙara tarihin gyara, wanda yake riƙe sunan duk wanda ya taɓa wani abu da ranar da ya taɓa. Aikin ya tafi daidai shekara da shekaru, har wasu ofisoshi suna aikowa a kwafar musu. Akwatin ƙarfe aka kai shi sito.

Sai aka zo da shirin waya. Makiyayi zai buga lamba kyauta ya faɗi abin da ya samu dabbarsa. Malama Saratu, wata mata 'yar cikin gari mai saurin hannu, ita ke ɗauka ta rubuta maganarsa yadda ya faɗa. Manhaja za ta duba kalmomin a rumbuna ta ba kiran launi. Ja, likita ya tafi yau. Ɗorawa, cikin mako. Kore, a aika wa mai kira shawara ta murya, likita ya biya in ya fito zagaye. Likitan dabbobinmu a lokacin Dakta Femi ne, mutumin Kudu, mai ƙwazo, amma Hausarsa ta gaisuwa ce da cinikin kasuwa. Taƙaitaccen rahoto da Turanci yake gani, da launinsa. Shi kaɗai ne a ƙananan hukumomi biyu, saboda haka da launi yake tsara tafiyarsa.

Injiniyan da aka turo ya haɗa rumbuna da manhajar ya zo ranar Litinin, za a yi bikin buɗewa ranar Alhamis. Ya gwada sau biyu abin ya ƙi shiga. Ya ce manhajarsu ba ta karɓar kalma ɗaya sau biyu, dole a haɗe duk masu maimaici. Ya bugo mini jerinsu, shafi goma sha ɗaya. Na ce masa waɗannan ba maimaici ba ne, ma'anoni ne daban-daban. Ya ce babu abin da zai ɓace, in an haɗe kati biyu bayanan duka suna nan a ciki. Shugaban ofis ya leƙo ya ce an riga an gayyaci baƙi. Ban sake musu ba. Na ja kujera na fara. Kwana biyu ina dannawa, haɗe, haɗe, haɗe. Da farko ina karanta kowane layi. Wajen shafi na shida idona kawai ke bi.

Gaskiya injiniyan ya faɗa, babu abin da ya ɓace. Abin da bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, shi ne in an haɗe biyu, katin da ya fi tsufa shi ke riƙe fanni da launi. Na biyun yakan koma can ƙasa cikin ƙarin bayani, inda mutum zai iya karantawa amma manhaja ba ta dubawa. Katin mahauta ya girmi na Ardo da shekara ɗaya. Ban yi gwajin kira ko ɗaya ba. Aka yi biki, aka tafa, aka ɗauki hoto.

Shekara ta zagayo, rani ya yi tsawo, sannan ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Wata Litinin da hantsi Ardo Manu ya buga waya. Ya ce saniyarsa ta faɗi, saihwa ce, a gaya wa likita. Bai lissafa alamomi ba, don a wurinsa wanda ya kira cuta da sunanta ya gama magana. Malama Saratu ta rubuta daidai yadda ya faɗa. Ita saifar da ta sani ta teburin mai nama ce, kuma ba aikinta ba ne ta tantance. Manhaja ta duba rumbuna, ta ga saifa, sashen jikin dabba, fannin fawa. Ta ba kiran kore. Bayan 'yan mintuna wayar Ardo ta yi ƙara, muryar da aka naɗa ta gaya masa cewa an duba rahotonsa, ba na gaggawa ba ne, ya ba dabba ruwa da inuwa, likita zai biyo in ya fito zagaye.

Ardo bai yarda da muryar ba. Ya sa aka haƙa rami aka binne saniyar, ya hana kowa taɓawa. Ranar Alhamis wasu shanu biyu suka faɗi, ya sake bugawa, amsa ɗaya ta dawo. Ƙanensa Altine, wanda garkensa ke gefe, yana tsaye ya ji saƙon duka biyu. Ranar Asabar bijimin Altine ya fara tangaɗi. Babban bijimi ne, shi ne ƙarfin garkensa. Altine ya sa masa wuƙa kafin ya mutu. Da Ardo ya aiko a hana shi feɗewa, Altine ya ce yaya tsufa ne ya sa shi tsoro, likita da kansa ya ce sau biyu ba abin gaggawa ba ne, in da waccan ce ai da an zo. Ya feɗe da hannunsa. Gidansa suka ci.

Mu a ofis ba mu san komai ba. Kira na uku ma ya shigo ya tafi kore. Sai ranar Laraba ta mako na biyu Dakta Femi ya shigo da taɓo har gwiwa, bai gaishe da kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. Wani ma'aikacin asibitin mutane ne ya kira shi, ya ce an kawo mace da yara biyu daga wata ruga da baƙin gyambo a hannu, da namiji ɗaya cikinsa ya kumbura yana aman jini, an wuce da shi Sakkwato. Dakta ya je rugar ya ga abin da ya gani. Ya tsaya tsakiyar ofis ya tambaya ko mutanen nan sun taɓa bugowa. Malama Saratu ta nemo. Kira uku suka fito a jere a kan allo, kore, kore, kore.

Shugaban ofis bai tsaya bincike ba. Ya juya kan Malama Saratu ya ce ita ta ji muryar mutumin da kunnenta, ita ta yi sakaci, ta ajiye makullin teburinta ta jira takarda a gida. Ta miƙe tana cewa ita abin da aka faɗa ta rubuta. Ni a lokacin na riga na buɗe rumbun. Na buga saifa. Kati ɗaya ya fito. Na sake bugawa da furucin Ardo, ko na yi kuskure, shi dai ɗayan ya sake fitowa. Na gangara ƙasa, sai ga dukan gargaɗin Malam Ladan kwance cikin ƙarin bayani, kalma bayan kalma, babu harafin da ya ɓace. Na buɗe tarihin gyara. Sunana ne, da ranar, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Na daɗe ina kallon layin nan. Malama Saratu har ta kai ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta. Abin da aka gaya mata ta rubuta. Ni na haɗe katin."

Na juya allon kowa ya gani. Dakta Femi ya sa na fassara masa gargaɗin layi-layi, yana ji yana girgiza kai. Ya ce duk abin da ya karanta a jami'a kan cutar nan ga shi dattijon ya faɗa, kuma yana cikin injin tun ranar farko.

Altine ya rasu a asibiti kwana huɗu bayan haka. Matarsa da yaran biyu sun warke. Shanu goma sha ɗaya suka tafi a rugar kafin allurar rigakafi ta tsayar da abin. An ƙone wasu, an binne wasu da zurfi, aka kewaye wurin da ƙaya.

Ba a kore ni ba, kuma kada ku ɗauka alfarma aka yi mini. Babu wani da ya san cikin rumbun, shi ya sa. A ranar aka kashe launi, duk kiran da ya shigo sai an karanta wa likita baki da baki. Ni kuma na ɗauko shafuka goma sha ɗayan nan na fara warware abin da na ɗaure. A shafi na huɗu na tarar da hanta, ta nama ta haɗiye ta cuta. A na biyar huhu, shi ma haka. Na nemo kiran da aka yi a kan huhu tun buɗe shirin, cutar da ke bin garke ta numfashi, na ga duk kore suka tafi. Wata goma sha huɗu muna gaya wa mutane su ba da ruwa da inuwa. Na kira Dakta ya zo ya duba, ya ja kujera ya zauna.

Na tafi sito in ɗauko akwatin ƙarfe don in gwada da asali. Wanda ya kai shi a ƙasa ya ajiye, babu bulo. Gindin ya yi tsatsa ya huje. Da na ɗaga murfi, rabin katunan sun zama ƙasa, gara ta gina gidanta a ciki. Kaset ɗin ma zafi ya narkar da su. Bayanan suna cikin kwamfuta, amma a wurare da yawa haɗewar ta cakuɗa jimlar wannan da sunan wancan, babu yadda zan raba sai na koma bakin mutanen da suka faɗa. Wasu sun rasu. A fannin kiwo kuwa kusan duka bakin mutum ɗaya ne.

Dokokin da kuka tarar kuna ƙorafi a kansu daga nan suka fito. Ba a haɗe kati biyu sai mutum biyu sun sa hannu. Duk gyaran da aka yi, sai an buga kiran gwaji an ga launin da ya fito. Duk kalmar da ta taɓa zama sunan cuta, ja take fitowa har sai mutum ya sauke ta. Mai ɗaukar waya yana da ikon ya tsallake manhaja ya kira likita, kuma dole ya tambayi mai kira abin da ya gani da idonsa. Malama Saratu ce ta kawo wannan ta ƙarshe, ita ce kuma shugabarku a ɗakin waya yanzu.

Bayan sadakar bakwai na tafi rugar tare da Dakta Femi. Muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Mutanen rugar suna ɗauka layin waya ne ya lalace, wasu kuma suna cewa likita ne ya raina su. Na roƙi Ardo ya ba ni wuri. Na gaya masa komai a gaban Dakta da 'ya'yan Altine manya, yadda kati biyu suka zama ɗaya, da wanda ya yi, da dalilin da ba dalili ba. Ban yi amfani da kalmar manhaja ba, na ce hannuna. Ardo yana zaune yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama ya dube ni.

Ya ce, "Malam Nasiru, ni da bakina nib ba ku sunanta. Gabana kunka rubuta. Sau ukku ina kiranta da sunanta cikin wayarku. Wane suna kuka so in kira ta da shi?"

Ya ce kwanan Altine ne ya ƙare, shi bai riƙe ni da komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya sa aka kawo mana madara. Muka sha.

Na bari wata uku suka wuce kafin na koma da sabuwar rakoda. Na yi masa bayanin gara da katunan da suka lalace, na ce ina so ya sake faɗa mini sunayen don in gyara. Ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Da na fito da rakodar ya ɗaga hannu ya ce in mayar da ita jaka. Ya ce abin da ya bayar ya isa. Na sake komawa sau biyu, amsar ba ta canza ba. Sai da na yi shekara biyu ina bin wasu rugage, nan kalma uku, can biyar, kafin fannin kiwo ya miƙe, kuma har yau akwai gurabe goma sha da na bari fanko saboda ban sami wanda ya san su kamar shi ba.

Layinmu yana aiki yanzu, makiyaya suna bugowa daga ko'ina. Amma in kun duba jerin masu kira ba za ku ga lambar rugar Ardo Manu ba, daga shi har gidajen da ke ƙarƙashinsa. Ya haura saba'in. In dabba ta faɗi masa, babur yake sa a ɗauko shi, ko damina ce hanya ta yanke, tafiyar fiye da awa guda. Ta ƙofar nan tamu yake bi. In ya gan ni a bakin taga yakan sa a tsaya, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gida. Sannan ya wuce ofishin likita ya faɗa masa da bakinsa.